Henry Wellcome, Bashan Jabal Moya: mai sayar da magani da ya haɗa bincike da kasuwa

Wanda ya taɓa bin hanyar Sinnar zuwa Kosti ya san Jabal Moya, duwatsun nan da ke tsaye su kaɗai a tsakiyar shimfiɗaɗɗen fili, kudu da mu nan Managil. A cikin kwarin da ke saman duwatsun akwai wani gini na manya-manyan duwatsu, wanda in ka gan shi sai ka yi mamakin yadda aka ɗaga su. Mutumin da ya sa aka gina shi bai taɓa mulkin ko da ƙauye ɗaya ba, amma leburorinsa Basha suke ce masa. Sunansa Henry Wellcome, ɗan Amurka, sana'arsa sayar da magani. Shi ne kuma ya kafa ɗakin gwaje-gwajen kimiyya na farko mai suna a ƙasar nan, a cikin kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Khartum. Tarihinsa ya shafe mu ne saboda tambayar da har yau jami'o'inmu ba su gama amsa ta ba: in malami ya gano wani abu a ɗakin gwaji, wa ke da shi, kuma aljihun wa kuɗin zai shiga?

An haife shi ranar 21 ga Agusta 1853 a wani ɗan gida na katako a ƙauyen Almond, jihar Wisconsin. Ubansa Solomon talakan manomi ne da ya koma wa'azin Kirista. A 1861 suka yi ƙaura zuwa Garden City a jihar Minnesota, inda baffansa Jacob ke aikin likita, yana kuma da kantin magani. Shekara ɗaya da zuwansu yaƙi ya ɓarke tsakanin Turawa 'yan kama-wuri-zauna da ƙabilar Dakota, 'yan asalin ƙasar da aka ƙwace wa filaye. Yaron yana ɗan shekara tara ya taya baffansa jinyar masu rauni. A kantin baffan ya koyi awo da haɗa magani, kuma yana da shekara 16 ya fara tallar hajarsa ta farko a jaridar garin: tawadar da ba a ganin rubutunta sai an gasa takardar. Ruwan lemun tsami ne fa kawai, irin wanda muke nuna wa yara a aji da fitila. Abin da ya ƙara a kai shi ne suna da talla, kuma kusan a kan waɗannan biyun ya gina duk abin da ya tara daga baya.

Ya yi aiki a wani kantin magani a Rochester, inda likita William Mayo, uban masu shahararren asibitin nan na Mayo, ya ƙarfafa masa gwiwa ya je ya yi karatu. Ya gama kwalejin haɗa magunguna ta Philadelphia a 1874, ya zama ɗan tallar kamfanin McKesson & Robbins na New York. Aikin ya kai shi Ekwado da Peru a ƙarshen shekarun 1870, ya shiga dazuzzukan sinkona, itacen da ake ciro kwinin daga ɓawonsa, ya rubuta rahoton abin da ya gani. A lokacin Ingilishi da 'yan Holan sun riga sun kwashi irin itacen sun dasa a Indiya da tsibirin Jawa, ba a daɗe ba kuwa kasuwar kwinin ta bar hannun masu dajin ta koma can.

A 1880 wani abokinsa, Silas Burroughs, ya kira shi Landan suka kafa kamfanin Burroughs Wellcome. Yawancin jarin na Burroughs ne. A Ingila ta wancan zamani likita kan rubuta magani, mai kanti ya daka a turmi ya auna ya ƙunshe, ko ya jiƙa a kwalba; yau ya yi ƙarfi, gobe ya yi salam. Su kuwa suka kawo sabon abu daga Amurka, garin magani da inji ya matse ya zama ƙwaya, kowace ƙwaya awonta ɗaya. Da farko na kamfanin Wyeth suke sarowa, daga baya suka kafa masana'antarsu, wadda a 1889 ta koma Dartford.

To, a nan ne wayon Wellcome ya fito. Akwai hanyoyi biyu da doka ke kare mai sabon abu. Ta farko ita ce takardar mallakar ƙirƙira, wadda a Larabci muke kira bara'atul ikhtira'i: ka bayyana wa hukuma sirrin abin da ka ƙago, ita kuma ta hana kowa yin irinsa ba da izininka ba na wasu shekaru. A Ingila ta lokacin shekara 14 ce, yanzu kusan ko'ina 20 ce. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa. Ta biyu ita ce rajistar suna ko tambari, wadda ba ta hana wani yin irin hajarka, sai dai ta hana shi sayar da ita da sunanka, kuma ita ana sabunta ta har illa masha Allahu. Matse garin magani ba Wellcome ne ya ƙago shi ba, don haka hanya ta farko ba ta da wani amfani a gare shi. Ga shi kuma likitocin Ingila suna ƙyamar maganin da ake ɓoye abin da ke cikinsa. Sai ya bi ta biyu. A 1884 ya ƙago kalmar Tabloid, ya yi mata rajista, ya riƙa rubuta abin da ke cikin kowane magani a jikin kwalba, ya mai da tallarsa wajen likitoci. Duk wani mashahurin matafiyi ya san yadda zai yi ya sa masa akwatin Tabloid a kaya, daga Stanley da ya ratsa Kwango har Scott da ya tafi ƙarshen duniya ta kudu.

Sunan ya karɓu har ya nemi ya fi ƙarfin mai shi. Mutane suka fara kiran kowace ƙwaya da shi, kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo, har 'yan jarida suka ari kalmar suka laƙaba wa jaridun da ke matse labari a taƙaice, kuma da wannan sunan ake kiransu har gobe. A doka kuwa, in suna ya zama na kowa, mai rajista ya yi asara. Saboda haka a 1903 ya kai wasu masu kantin magani, Thompson da Capper, kotu don suna ba masu neman Tabloid ƙwayoyin wani kamfani. Ya kawo likitoci da masu kantuna suka ba da shaida cewa in an ce Tabloid hajar Burroughs Wellcome ake nufi. Ya yi nasara, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1904. Kafin nan shi da Burroughs sun daɗe da ɓatawa, har sun je gaban alƙali. Burroughs ya mutu a 1895, Wellcome ya sayi kason matarsa, kamfani ya zama nasa shi kaɗai.

Da suna kaɗai ya tsaya, da ba za mu ɓata tawada a kansa ba. Abin da ya bambanta shi da sauran 'yan kasuwar Ingila shi ne ya ɗauki ribar ya zuba a bincike. Jamusawa sun riga kowa gane wannan: kamfanoninsu na rini suna ɗaukar masana sinadarai daga jami'a su ajiye su a ɗakin gwaji, su kuma su yi ta fito da sababbin launuka da magunguna ana yi musu takardar mallaka. A Ingila kuwa malamin jami'a yana ganin aiki a kamfani zubar da girma ne. A 1894 Wellcome ya buɗe ɗakin binciken aikin jiki, inda aka fara da maganin mashaƙo da ake samu daga jinin doki. A 1896 ya buɗe na sinadarai, ya ɗora abokin karatunsa Frederick Power a kai, wanda tsohon farfesa ne a Jami'ar Wisconsin. Ya yi musu alkawarin da 'yan kasuwa ba su saba yi ba, cewa su binciki abin da suka ga dama, su kuma buga sakamakon a mujallun masana da sunayensu.

Alkawarin ya sha gwaji a 1906. Wani matashin masani, Henry Dale, wanda ya shigo kamfanin a 1904 duk da abokansa na jami'a sun hana shi, ya rubuta maƙala a kan wata cuta da ke kama zangarniyar hatsi da yadda sinadaranta ke aiki a jiki. A ciki ya yi amfani da kalmar adrenalin, wato sinadarin nan da jiki ke fitarwa in mutum ya firgita, zuciya ta hau bugawa. Matsalar ita ce kamfanin Parke-Davis na Amurka ya yi wa kusan wannan kalmar rajista a matsayin sunan hajarsa, Burroughs Wellcome kuma yana sayar da irin abin da wani suna daban. Mutumin da bai daɗe da fitowa daga kotu a kan kare suna ba, yaya za a yi ya bar ma'aikacinsa ya taɓa sunan wani, ya kuma yi masa talla a kyauta? Sai ya hana. Dale ya kafe cewa da wannan kalmar duk masana aikin jiki na Ingila ke kiran sinadarin, in aka tilasta masa wata kalma to takwarorinsa za su ɗauke shi ɗan talla. Manyan malaman Kambirij suka goyi bayansa. Aka yi makonni ana musayar wasiƙu, har ta kai Dale ya nuna zai iya ajiye aiki. A ƙarshe Wellcome ya janye, maƙalar ta fita yadda mai ita ya so. Dale ya yi shekara goma a wurin, kuma aikin da ya faro a can a kan yadda jijiyoyi ke aika saƙo da sinadari shi ya kai shi ga kyautar Nobel a 1936. A ganina wannan janyewar ta fi cin shari'ar Tabloid nuna kaifin hankalinsa, domin ya gane cewa in masana suka daina yarda da abin da ke fitowa daga ɗakin gwajinsa, sunan da ya kashe kuɗi yana karewa ya zama fanko.

Yanzu mu dawo gida. Wellcome ya zo Sudan a hunturun 1900 zuwa 1901, shekara biyu da 'yan watanni bayan yaƙin Karari, ya tarar da yunwa da cuta sun yi wa mutane kaca-kaca. Ana cikin gina Kwalejin Gordon a Khartum, wadda aka buɗe a 1902. Sai ya yi tayin zai sa mata ɗakunan gwaje-gwaje da kayan aikinsu duka, gwamnati kuma ta ɗauki albashi da hidimar yau da kullum. Aka ɗauko wani likita ɗan Sikotlan, Andrew Balfour, ya shugabanci wurin har 1913. Balfour ya kafa rundunar masu yaƙi da sauro suna bin rijiyoyi da kududdufai da kwale-kwale suna zuba mai, zazzaɓin malariya ya ragu ƙwarai a Khartum. A 1907 Wellcome ya ƙara musu da ɗakin gwaji a kan jirgin ruwa, ana jan sa a Nilu zuwa kudu. Gobara ta cinye ɗakunan a 1908, ya sake zuba kaya.

Ɓangaren da ba a cika ambato ba shi ne na sinadarai, wanda William Beam ya riƙe daga 1904. Su ne suka riƙa auna ruwan Nilu, da ƙasar noma, da hatsi, da ƙaro. Wato tun kafin a gama madatsar Sinnar a 1925, an riga an fara tambayar me ke cikin baƙar ƙasar nan mai tsagewa da muke nomawa, gishirinta nawa ne, yaya za ta yi in aka shayar da ita shekara da shekaru. A tsakiyar shekarun 1930 aka rarraba ɗakunan: aikin likitanci ya koma ɗakin gwaji na Stack, aikin da ya shafi gona kuma ya haɗe da tashar binciken noma ta Wad Madani. Duk manomin da ke da hawasha a Jazira, ko a faɗaɗawar Managil da aka yi daga ƙarshen shekarun 1950, ya ci wani abu daga wannan gadon, ko ya sani ko bai sani ba.

Sai dai a duba yadda aka raba amfanin. Rahotannin ɗakunan, manyan littattafai masu hotuna da suka fito a 1904, 1906, 1908 da 1911, a buɗe aka buga su, kowa ya karanta. Wannan abin yabo ne. Amma wa ke da injin da zai juya abin da ke cikin littafi ya zama haja? Manyan masu binciken duk Turawa ne, 'yan ƙasa suna wanke kwalabe da kamo sauro, kwalejin kanta a lokacin malaman makaranta da akawuna da alƙalai take fitarwa. Shi Wellcome ya samu abin da ya fi so, sunansa a kan kowane rahoto na cututtukan ƙasashe masu zafi, a daidai lokacin da kamfaninsa ke sayar wa gwamnatocin mulkin mallaka da sojoji da 'yan mishan kwinin da akwatunan magani. Da Balfour ya bar Khartum, Landan ya tafi ya shugabanci sabuwar cibiyar binciken Wellcome. Auduga kuwa, da cututtuka suka kusa durƙusar da ita a farkon shekarun 1930, masu binciken nan Jazira ne suka gano cewa farin ƙuda ke yaɗa cutar nannaɗewar ganye, aka samo irin da ke jurewa. Amfanin ya tafi masaƙun Lankashaya, kamfanin Ingilishi mai kula da aikin yana ɗaukar kasonsa, kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan Burmi suna cikin masu tsinka a rana.

Ƙaro ya fi komai nuna wannan a fili. Fiye da shekara ɗari ke nan da aka fara auna shi a Khartum, Sudan ce kan gaba a duniya wajen samar da shi, har takunkumin Amurka na 1997 ma sai da aka cire shi daga ciki saboda kamfanonin lemun kwalba ba sa iya yi sai da shi. Amma akasarinsa ɗanye yake fita a buhu, a tace shi a busar a mai da shi gari a Faransa da wasu ƙasashen Turai, a sa masa suna, a sayar da ninkin kuɗi. Dokar mallakar ƙirƙira muna da ita tun 1971, Jami'ar Jazira tana nan tun 1975, an kafa ta ne ma don ta yi wa karkara hidima. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wanda zai tsaya tsakanin malami da masana'anta, ya san doka, ya san ciniki, ya kuma bar malamin ya faɗi gaskiyar abin da ya gani.

Yadda jami'a kan iya riƙe nata, Wellcome ya gan shi da idonsa. A 1921 da 1922 masu bincike a Jami'ar Toronto ta Kanada suka fitar da insulin, maganin ciwon sukari. Banting da Best suka faro, masanin sinadarai Collip ya tace shi har ya yiwu a yi wa mutum allura. Aka yi masa takardar mallaka, masu ita suka miƙa wa jami'ar a kan dala ɗaya ɗaya. Jami'ar ta riƙe takardar don kada wani kamfani ya mallake maganin shi kaɗai, kuma don ta hana a sayar da gurɓatacce. Ta ba kamfanoni izini, tana karɓar wani kaso tana mayarwa cikin bincike. Haƙƙin Ingila ta ba majalisar binciken likitanci ta ƙasar, wadda ta tura Dale, tsohon yaron Wellcome, ya je ya gano yadda ake yi. Burroughs Wellcome na cikin waɗanda aka ba izini, ya fara sayarwa a 1923. A wannan karon mai kamfani ne ya zo neman izini a ƙofar malamai. Kafin haka, da yaƙin duniya na farko ya tashi a 1914 aka dakatar da takardun mallakar Jamusawa a Ingila, kamfaninsa na cikin 'yan kaɗan da ke da masanan da za su iya haɗa irin magungunan Jamus, har da na tunjere wanda suka fitar da sunan Kharsivan. Shekara ashirin yana ciyar da masana, ga ranarsu ta zo.

Rayuwarsa ta gida ba ta yi daɗi ba. A 1901 ya auri Syrie, 'yar Dakta Barnardo mai gidajen marayu, wadda ya girma da shekara 26. Sun haifi ɗa ɗaya, Mounteney, a 1903. Ita ta gaji da yawon sayen tsofaffin kaya da yake jan ta, shi kuma ya zarge ta, suka rabu wajen 1910, aka kashe auren a 1916, ta auri marubuci Somerset Maugham. A shekarar rabuwar ce ya zama ɗan ƙasar Birtaniya, a ita ce kuma ya nufo Jabal Moya.

Ya yi kaka huɗu yana haƙa, daga 1910 zuwa 1914. Ya ce yana son ya samar wa mutanen yankin aikin yi ne, kuma lallai ya samar, don leburorin sun kai wajen 4,000 a ƙarshe. Ya kafa musu asusun ajiya, ya hana giya a sansanin, wanda ya yi wata biyu bai sha ba a ba shi lambar ɗawisu. Mutum ne mai tsanani da son a bi umarninsa ba tambaya, har masanan da ya ɗauko daga Ingila sun koka da shi. Ya sa aka ɗaura kyamara a jikin wani babban abin tashi mai zare, irin wanda yara ke sakar wa iska, aka ɗauki hoton wurin daga sama, yana cikin na farko-farko da aka yi haka a aikin tono. An buɗe kaburbura wajen 3,000 na makiyayan da suka rayu kafin zuwan Musulunci, wasu da ɗaruruwan shekaru, wasu da dubbai. Ya ba da umarni kada a yar da ko tsingaro ɗaya, aka cika akwatuna aka yi Ingila da su. A shekarun nan fa, tafiyar yini ɗaya ko biyu daga wurin, jama'ar Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru suna kafa garinsu a bakin Shuɗin Nilu.

Yaƙin 1914 ya tsayar da aikin. Bai sake dawowa ba, ko da yake ya ci gaba da biyan masu kula da wurin har ya mutu. Rahoton tonon bai fito ba sai 1949, a hannun Frank Addison. Ƙasusuwan da suka rage suna Jami'ar Kambirij. A 2017 masana daga Jami'ar Khartum da wata jami'a ta Landan suka koma wurin tare, suka samu shaidar dawa ta gida da ta haura shekara 4,000. Wannan karon dai da sunayen 'yan ƙasa a kan maƙalun.

Tara kaya ya zame masa kamar ciwo. Wakilansa suna yawo duniya suna sayen duk abin da ya shafi magani, layu da ƙahon kaho da wuƙaƙen fiɗa da littattafan Larabci na tibbu, har abin ya haura miliyan, yawancinsu bai taɓa buɗe akwatinsu ba. A 1924 ya haɗa kamfani da ɗakunan bincike da gidajen tarihi a ƙarƙashin inuwa ɗaya. A 1932 Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir, ƙungiyar manyan masana kimiyya ta ƙasar kuma ta karɓe shi, shi da bai taɓa gano wani sinadari da hannunsa ba. Ya mutu a Landan ranar 25 ga Yuli 1936, yana gab da cika shekara 83.

Wasiyyarsa ta yi kama da abin da muka sani da waƙafi. Ya bar hannun jarin kamfanin gaba ɗaya a hannun amintattu biyar, Dale na cikinsu, ya ce ribar a kashe ta a binciken lafiyar mutum da dabba da tarihin magani. Shekarun farko abin bai taka kara ya karya ba, don harajin gado ya ci da yawa, kamfanin ma ya yi rauni. Daga baya masanansa suka fito da magunguna masu tsada, aka fara sayar da hannun jari a 1986, Glaxo ya saye kamfanin a 1995, asusun Wellcome ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a duniya.

Halayensa biyu duk sun biyo gadon. A 1987 kamfanin ya fito da AZT, maganin farko na cutar ƙanjamau. Wani masani, Jerome Horwitz, shi ya fara haɗa sinadarin a 1964 a Detroit da kuɗin gwamnati yana neman maganin daji, bai yi aiki ba, ya ajiye shi ba tare da takardar mallaka ba. Kamfanin ya gano yana aiki a kan ƙanjamau, da taimakon ɗakunan gwajin gwamnatin Amurka, ya yi wa wannan amfanin takarda, ya sa kuɗin shekara kusan dala 10,000, sai da marasa lafiya suka yi zanga-zanga aka rage. Shi kuma asusun, a shekarun 1990, ya biya kuɗin karanta kusan kashi ɗaya cikin uku na jerin ƙwayoyin gadon ɗan Adam, ya tsaya kai da fata cewa a riƙa sakin sakamakon a intanet kyauta don kada wani kamfani ya yi masa rajista.

Gawarsa ƙona ta aka yi. Tokar ta yi shekara hamsin a ajiye ba wanda ya kula, sai a 1987 aka binne ta a harabar majami'ar Saint Paul da ke Landan.